Lasin tuƙi na Najeriya a Ingila, har yaushe yake aiki?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ku taimaka min da bayani, don maganganun da nake ji sun yi yawa kuma kowa da irin tasa. Mun shigo ƙarshen watan Maris ni da iyali, madam ce ta samu aikin nas a nan Bradford ni kuma na biyo ta, yanzu haka ina aikin kula da tsofaffi irin wanda ake bin su gida gida, da safe ka je wajen wannan ka ba shi magani da shayi ka wuce wajen wancan, wani lokacin tsakanin gida da gida tafiyar minti goma sha biyar ce a mota amma a bas sai ka ci kusan awa saboda jira da canji. Wlh bas ɗin nan ya gajiyar da ni, ga ruwan garin nan da ba ya sallama, sannan a wajen aikin masu mota su ake fara ba wa shif mai kauri mu kuma sai abin da ya rage.

Ina da lasin ɗina na gida na shekara biyar, da sauran kusan shekara uku kafin ya ƙare, kuma kafin mu taho na yi na ƙasa da ƙasa ɗin nan mai kama da fasfo, wanda ake ce wa intanashinal. Tuƙi kam ba yau na fara ba, Kano zuwa Abuja, Kano zuwa Maiduguri, duk na taka su ba adadi.

To ga inda kaina ya ɗaure. Wani dattijo a masallaci ya ce min shekara ɗaya kawai zan yi da lasin gida. Wani ya ce a'a in dai kana da intanashinal ai shikenan, in ya ƙare sai ka aika gida a sabunta maka ka ci gaba. Na uku kuma ya ce kai shi ake yi DVLA, hukumar lasin tuƙi ta nan, su karɓa su ba ka na nan, wai abokin aikinsa ɗan Zimbabuwe haka ya yi ko jarrabawa bai zauna ba. Wanne ne gaskiya a ciki? Na ga wata 'yar ƙaramar mota ana sayarwa fam 2,500 raina ya kwanta da ita amma bana so in zuba kuɗi in zo ina kallonta a ƙofar gida. Yanzu muna cikin Yuli. Na gode, Allah ya saka.


Baban Ilham:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge sannu da zuwa, Allah ya sa an shigo a sa'a, ya ba madam ikon riƙe aikin. Ina Leeds, nan kusa da kai ne.

Dattijon masallaci shi ya faɗa maka daidai. Wanda ya zo zama da lasin Najeriya yana da wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, a cikin wata 12 ɗin nan za ka tuƙa ƙaramar mota kai kaɗai har kan babbar hanya ba mai ce maka komai, in dai lasin naka bai ƙare ba kuma motar ba ta wuce tan uku da rabi ba ko kujerar fasinja takwas. Ranar da shekarar ta cika kuwa, lasin gida ya gama aikinsa a nan ko da saura shekara uku a jikinsa. Kai ƙarshen Maris mai zuwa kenan.

Maganar intanashinal kuma ka cire ta daga lissafi. Takarda ce da take raka lasin naka tana bayanin abin da ke cikinsa don ɗan sandan wata ƙasa ya gane, ita kaɗai ba lasin ba ce, kuma ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wata 12 ɗin. Ko sau goma aka sabunta maka ita aka aiko, ranar da ka zama mazauni ba ta canza ba.

Shi ma mai labarin ɗan Zimbabuwe bai yi ƙarya ba, sai dai abun bai shafe mu ba. Akwai jerin ƙasashen da Birtaniya ta yarda da jarrabawarsu, irin su Ostareliya, Kanada, Japan, Koriya ta Kudu, Singafo, Siwizalan, a Afirka kuma Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, sannan a 2021 aka ƙara wasu har da Daular Larabawa. Su waɗannan cike fom kawai suke yi su biya fam 43 su miƙa nasu a ba su na nan, kuma suna da har shekara biyar su yi hakan. Najeriya ba ta ciki, Gana ba ta ciki, Nijar ba ta ciki. Da a ce ka zauna Dubai ka yi jarrabawar tuƙi a can ka ci, da kai ma canji kawai za ka yi. Amma fa suna duba ƙasar da mutum ya ci jarrabawar, ba launin katin da ke hannunsa ba, don haka wanda ya je ya musanya na Najeriya a wata ƙasa ya ɗauko ya kawo nan bai tsira ba.

To yanzu ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne yake kayar da mutanenmu. In aka ce wata 12 sai mutum ya ga kamar lokaci ne mai yawa, ya sayi mota ya shiga harkokinsa, sai wata na goma ya fara tambayar ina ake jarrabawa. Zauna mu yi lissafi. Dokarsu ta ce kafin ranar da za ka zauna tiyori, wato jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, ko gwajin tuƙi, sai ka yi kwana 185 a Ingila ko Wels ko Sikotilan a cikin wata 12 da suka wuce. Wato rabin shekarar ya riga ya tafi kafin ma a bari ka shiga ɗakin jarrabawa, kai sai wajen ƙarshen Satumba. Sannan ba za ka iya yin bukin na gwajin tuƙi ba sai ka ci tiyori, da lambar takardar cin tiyorin ake yi. Shi kuma layin gwajin tuƙi tun bayan korona bai dawo daidai ba, a garuruwa da yawa wata biyar har shida mutum yake jira. Oktoba ka ƙara wata biyar, ka ga ka faɗa Maris, daidai lokacin da lasin naka zai mutu, kuma wannan in ka ci kowanne a zama ɗaya kenan, alhali kusan rabin masu shiga gwajin tuƙi a ƙasar nan faɗuwa suke yi. Ka ga ashe shekarar ba ta da wani rarar da za a yi wasa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ka yi yau ɗin nan, ba gobe ba, ka shiga shafin gwamnati na gov.uk ka nemi lasin koyo, koren katin nan. Fam 34 ne ta intanet, in ta gidan waya ne fam 43. Shi ba sai ka jira kwana 185 ba, abin da suke nema izinin zamanka ya kai hakan. Za su tambayi adireshin inda ka zauna a shekara uku da suka wuce, ka sa har na Kano. Ka kula fa da shafukan bogi da suke fitowa a saman Google suna cajin ninki biyu, in ba gov.uk ka gani a adireshin ba ka fita. Kuma kar ka ji tsoron wai karɓar koren kati zai mayar da kai lana, wato ɗan koyo, a'a, muddin wata 12 ɗinka ba su cika ba kana nan da 'yancinka na lasin gida, ba manna alamar L ta 'yan koyo a jikin mota ba neman mai zama kusa da kai. Sai shekarar ta cika baka ci jarrabawa ba sannan ka koma ɗan koyo sosai, L gaba L baya, dole wani ya zauna a gefenka, ba hawa babbar hanya sai da malamin tuƙi mai rajista a mota mai birki biyu. Ka ga aikin bin gidaje ya tsaya kenan, wa zai bi ka gida takwas a rana yana zaune a gefe.

Da katin ya iso ka yi bukin ɗin tiyori ka zaɓi rana ta farko bayan ka cika kwana 185, fam 23 ne. Daga yanzu zuwa lokacin ka yi ta karatu a bas ɗin da kake kuka da shi.


Sarkin Giya:

Kai Baban Ilham ka cika tsoratar da mutane wlh. Ni na san mutane sun fi nawa da suke yawo da lasin gida shekara biyu uku ba abin da ya same su. Kuma ai akwai dabara, in shekarar ta kusa cika sai mutum ya je gida hutu ko ya leƙa Umara ya dawo, sabon shiga kenan sai a fara ƙirga daga farko. Ɗan Fagge sayi motarka kawai ka huta da bas, wa zai tsayar da kai in baka yi laifi ba, nan ba shingen hanya ake sawa ba.


Abu Hanif:

Sarkin Giya ka yi haƙuri amma wannan shawarar taka za ta iya jefa bawan Allah cikin wahala. Dabarar fita a dawo ɗin nan ta baƙo ce, wanda ya zo ziyara, shi ne ake ƙirga masa daga ranar da ya shigo ta ƙarshe. Wanda yake da bizar zama, yana biyan haya yana karɓar albashi 'ya'yansa suna makaranta, ranar da ya fara zama ita ce ranarsa, ko Umara goma ya je ya dawo. Kuma yanzu da biza ta koma ta kwamfuta ranar shigowar mutum ba ɓoyayyen abu ba ne.

Ni tasi nake ja a Birmingham don haka kullum ina kan titi ina gani. Gaskiya ne ba shinge, amma motocin 'yan sanda da kan tituna akwai kyamarori masu karanta lambar mota, nan take suke ganin ko motar tana da inshora, ko an biya harajinta, ko takardar lafiyarta ta MOT tana aiki. Sannan ba sai kai ka yi laifi ba, wani ma zai iya zuwa ya daki bayanka a danja. Haka ta faru da wani yaro da muke sallah tare, ɗalibi ne ya gama ya samu aiki, yana tsaye abinsa wata mata ta bugi bambarsa ta baya, 'yan sanda suna kusa suka zo. Laifin matar ne kowa ya gani. Amma da aka zo tambayar takardu ya miƙa lasin gida, ɗan sandan ya juya katin ya tambaye shi yaushe ya shigo ƙasar, ya koma motarsa ya ɗan jima yana danne danne, ya dawo ya ce masa ya kwashe kayansa daga motar. A gefen titi ya tsaya da kujerar jariri a hannu ɗaya da ledar cefane a ɗaya aka zo aka ɗaga motar aka tafi da ita. Ni na je na ɗauko shi.

Hukuncin kuma ga shi. Tuƙi ba bisa ƙa'idar lasin ba makin laifi 3 zuwa 6 ne a kan lasin mutum da tarar da za ta iya kaiwa fam 1,000. Rashin inshora fam 300 da maki 6 in an tsaya a tarar nan take, in an je kotu tarar ba ta da iyaka kuma za su iya hana ka tuƙi. Wani zai ce to ai ba ni da lasin nan ina za su sa makin, suna buɗe maka fayil su ajiye maka kayanka har ranar da za ka zo nema. Ga kuma dokar sababbin direbobi, wanda makinsa ya kai 6 a cikin shekara biyu na farko bayan cin jarrabawa ana soke lasin ya koma tun daga tiyori, kuma makin da ka shigo da shi tun kafin ka ci yana shiga lissafi, ƙaramin laifi ɗaya a kai ya isa. Riƙe waya a hannu kana tuƙi kaɗai maki 6 ne da fam 200. Sannan duk wanda yake da niyyar neman zaman dindindin ko fasfo nan gaba, fom ɗin yana tambayar hukuncin kotu har da na tuƙi. Don me mutum zai ɓata takardunsa a kan abin da zai iya gyarawa da 'yan ɗaruruwan fam?

Malam Ɗan Fagge in za ka sayi motar ka saya, halal ɗinka ce har Maris, kuma ma tuƙin yau da kullum zai taimake ka a jarrabawa. Amma kafin ka biya mai motar ka sa lambarta a shafukan kwatanta farashin inshora ka gani tukunna, don da lasin waje wani lokacin kuɗin inshorar shekara yana kamo kuɗin motar ko ya wuce. Ka faɗa musu gaskiya, lasin waje ne, ga watan da na shigo. Kuma tunda gida gida kake bi dole ka zaɓi wadda ta haɗa da amfani da mota don aiki, ta zuwa ofis ɗaya a dawo ba ta rufe ka ba. Masu tallar inshora mai araha a WhatsApp su ce rabin kuɗi, ka guje su, ko takardar bogi ce ko sun cika ƙarya da sunanka sun ce kai ɗan shekara hamsin ne mai lasin nan a wani ƙauye, ranar da abu ya faru kai za a kama.


Ɗan Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Ilham lissafin nan naka ya sa na miƙe zaune. Abu Hanif na sa lambar motar kamar yadda ka ce, abin da na gani sai da na cire gilashi na goge na sake dubawa, amma dai in na haɗa da kuɗin bas da shif ɗin da nake rasawa kamar za ta fitar da kanta.

Saura tambaya biyu. Motar otomatik ce, a gida kuma manuwal na saba, da wacce ya kamata in yi jarrabawar? Kuma dole ne sai na biya malamin tuƙi, mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi? Sannan madam ba ta taɓa tuƙi ba sam, in ta karɓi koren katin zan iya zama gefenta in koya mata a motar?


Maman Walid:

Malam Ɗan Fagge bari in fara da ta madam tunda ta fi sauƙi, a'a ba za ka iya ba. Mai zama gefen ɗan koyo sai ya haura shekara 21 kuma ya riƙe cikakken lasin na nan ko na ƙasashen Turai na tsawon shekara uku, na Najeriya ba ya ciki. Ko ka ci jarrabawa gobe sai ka ƙara shekara uku kafin ka zauna mata. Ku nema mata malama mace, akwai su da yawa a Bradford har masu hijabi, kuma ni a ganina ma ya fi zaman lafiya, miji ya koya wa mata tuƙi ba kasafai ake rabuwa ana dariya ba.

Malamin tuƙi kuma doka ba ta ce dole ba, za ka iya zuwa da motarka in ta cika sharuɗɗa. Amma ni shawarata ka biya ko na awa shida zuwa goma ne, a yankinmu wajen fam 35 zuwa 40 suke karɓa a awa. Ba tuƙi zai koya maka ba, ka fi shi sanin sitiyari wataƙila. Abin da mai gwaji yake nema zai nuna maka, don tsofaffin direbobi irinku sun fi yara sababbi faɗuwa a wasu abubuwan, hannu ya riga ya saba. Maigidana ya ja tirela a gida kafin mu zo, ranar farko da malamin ya zauna gefensa suka zagaya unguwa suka dawo, mutumin ya buɗe littafinsa ya ce masa tuƙinka lafiya lau amma da yau ce jarrabawa ka faɗi tun kafin mu bar layinku, ka tashi daga gefen titi baka waiga ta kafaɗa ba. Har muka ci abincin dare yana mita.

Ga yadda ranar take. A filin fakin za a fara, ya nuna maka wata mota can ya ce karanta lambarta, mita 20 ne, in ka kasa an gama tun ba a kunna mota ba, don haka tunda na ji kana sa gilashi kar ka manta shi. Sai tambaya ɗaya kafin ku tashi, misali ta yaya za ka san taya tana da lafiya, ka ce zurfin zanenta kar ya gaza milimita 1.6 kuma ba yanka ba kumburi. Ɗayar kuma kuna cikin tafiya zai ce in ka ga dama ta samu nuna min yadda ake wanke gilashin gaba. Tuƙin wajen minti 40 ne, aƙalla wajen minti 20 daga ciki kai kaɗai za ka bi na'urar nuna hanya ko allunan titi, in ka ɓata hanya ba laifi ba ne in dai ka ɓata ta cikin nutsuwa. Zai sa ka yi ribas iri ɗaya, ko fakin a bayan wata mota a gefen titi, ko shiga layin fakin, ko ka tsallaka ka tsaya a hannun dama ka ja baya tsawon mota biyu. Yana zaune da kwamfutar hannu a cinya yana ɗan taɓawa, kar ka kalle ta, ba duk taɓawa ce kuskure ba. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya tak ya kayar da kai. Fam 62 ne a ranakun aiki, yamma da ƙarshen mako fam 75, in an faɗi sai bayan kwanakin aiki 10 a sake, in an samu gurbi kenan.

Inda mutanenmu suka fi zubewa shataletale ne da mahaɗa. A gida hannun dama muke bi tun 1972, su nan hagu, to shataletalen ma juyawarsa daban, ta hagu za ka shiga kuma na damanka shi ke da hanya. Mu mun saba ka tura hancin mota a hankali har wani ya ji kunya ya bar ka, a nan in ka sa wani ya taka birki saboda kai to babban kuskure ne. In kuma ka tsaya kana ta jira alhali hanya ta buɗe, shi ma ana rubutawa. Madubi kafin sigina, sigina kafin juyawa, kuma ka ɗan motsa kai ya ga ka duba. Mai ƙafa da yake jiran tsallakawa a bakin layin da za ka shiga, tun gyaran dokar 2022 shi za ka bari ya wuce. Mai keke ka ba shi mita ɗaya da rabi in za ka wuce shi. Hon kuma ka manta da shi, ba a gaisawa da shi ba a kiran mutum da shi. Wani abun da ya ba ni mamaki da na zo, a gida in mota ta haska maka fitila cewa take kauce ga ni nan, a nan yawanci nufinsu bismillah wuce, amma ranar jarrabawa kar ka haska wa kowa kuma kar ka fita don an haska maka sai ka duba da idonka. Gudun ma da mil ake ƙirgawa, 30 a cikin gari, unguwanni da yawa 20, babbar hanya 70.

Tiyorin kar ka raina shi. Tambaya 50 a minti 57 ana neman 43, sai bidiyo 14 na hango haɗari ana neman 44 cikin 75, kuma dole ka ci duka biyun a zama ɗaya. A bidiyon in ka yi ta danna linzami ba ƙaƙƙautawa kwamfutar tana ganewa ta ba ka sifili a wannan. Da Turanci ake yi, tun 2014 suka daina yarda da tafinta, amma za ka iya sa abin kunne a karanto maka. In ka ci takardar shekara biyu take aiki.

Manuwal ko otomatik kuwa, in ka ci da otomatik to otomatik kaɗai lasin naka zai ba ka, in ka ci da manuwal ka samu duka. Amma giya a nan da hannun hagu ake sawa, ga tudun Bradford da kuloci. Mutumin da agogo yake bin sa kuma motar da zai saya otomatik ce, ni dai da otomatik zan shiga in fita lafiya, in ana so daga baya a ƙara na manuwal ba sai an sake tiyori ba.


Bazazzage a Jamus:

Ku na Ingila ma ku gode wa Allah. Mu nan Jamus wata shida kacal ake ba mutum daga ranar da ya yi rajistar zama. Mai lasin Najeriya sai ya yi tiyori da gwajin tuƙi duka, sauƙin kawai ba a tilasta masa adadin darussan da sabon ɗan koyo yake yi, amma dole ta hannun makarantar tuƙi za a bi, ga gwajin ido, ga kwas na taimakon gaggawa, ga fassarar lasin. Tiyorin ana iya yin sa da Turanci ko Faransanci ko Larabci, gwajin tuƙin kuwa da Jamusanci mai gwajin zai yi maka magana. Kuma wanda ya riga ya zauna nan sannan ya koma gida hutu ya yo sabon lasin ya dawo da shi, ba sa karɓa, suna duba ranar da aka fara bayar da shi.

Ƙanina yana Ontario a Kanada, su kwana 60 ne ma. Amma can suna la'akari da tuƙin da ka yi a gida, in ka kawo wasiƙar tabbatarwa daga hukumar da ta ba ka lasin. Don haka duk mai shirin tafiya can ya nemi wasiƙar nan wajen 'yan rod sefti tun yana gida, neman ta daga nesa wahala ce.


Sarkin Giya:

Toh na ji, na janye maganar Umara kar a ce ni na kai mutum kotu. Amma maganar otomatik ban yarda ba Hajiya, namiji da ya taka Kano zuwa Maiduguri a ba shi lasin da aka rubuta masa iyaka? Gobe in ya samu aikin jan motar kaya ta kamfani yawancinsu manuwal ne fa.


Ɗan Fagge:

Sarkin Giya sunanka ma ya nuna ɓangaren da kake, motar kamfani ta jira tukunna. Na cike fom ɗin yanzun nan sun cire fam 34, na madam ma mun yi. Maman Walid dan Allah in kin san malami mai otomatik da yake fita ranar Asabar ko Lahadi a ɓangaren Manningham ki turo min ta akwatin saƙo, ranakun aiki ba na samun sarari sai bayan takwas na dare.